Ku Tambayi Rumbun Rubutu Kafin Ku Yarda da Kunnenku

'Yan uwana ɗalibai masu fama da rubutun Turanci, ina so mu dubi halin takwarorinmu na ƙasar Tailan, domin cikas ɗin da ke gabansu ya fi namu girma. Harshen Tai ba shi da makamancin “a” da “the”, aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci, kuma ba a barin fili tsakanin kalmomi a rubuce. Ɗalibi a Bankok yana iya haddace nahawu ya ci jarrabawa, amma da ya zauna rubuta insha'i sai harshen uwa ya karɓe alƙalamin. A wurinsu cin magani ake yi, fitila kuma buɗe ta ake yi, saboda haka yakan rubuta “eat medicine” da “open the light”. Kada wannan ya ba mu dariya, tunda mu ma shan magani muke yi, kuma da yawanmu sun taɓa rubuta “drink medicine” alhali “take” ake faɗa.

Ƙamus yakan faɗi ma'anar kalma, amma sau da yawa ba ya nuna wa mai koyo kalmomin da take tafiya da su. Wannan giɓin ne ya sa wasu malamai a jami'o'in Tailan suke tura ɗalibansu rumbun rubutu, wato tarin rubuce-rubuce da maganganun mutane na gaske da aka adana a kwamfuta. Tim Johns na Jami'ar Birmingham ne ya yi fice wajen yaɗa wannan hanyar koyarwa tun wajajen 1991. Rumbun BNC na Birtaniya, wanda aka kammala a 1994, yana da kalmomi miliyan 100, shi kuwa COCA na Amurka, wanda Mark Davies ya fitar a 2008, yanzu ya haura biliyan ɗaya. Idan ka nemi kalma a rumbun, sai jimloli su jero da ita a tsakiya, ka ga abin da ke gabanta da abin da ke bayanta.

Nasihata ita ce ku guji gaggawa. Wanda ya karanta layin farko ya kwafe bai koyi komai ba, domin a rumbun akwai hirar baka, akwai ƙagaggun labarai da jaridu, akwai kuma rubutun masana, kuma abin da ya dace da hira yana iya zama abin kunya a kundin digiri. Ku karanta layi ashirin ko talatin, ku lura da abin da ke maimaituwa, sannan ku fitar da ƙa'idar da kanku ku rubuta ta a littafi. Aikin yana da gajiyarwa da farko, ba zan ɓoye muku ba. Idan hannu ya faɗa, ku sauke AntConc, manhajar binciken kalmomi a cikin rubutu, wadda kyauta ce, ku zuba tsofaffin insha'inku a ciki, ku nemo duk inda kuka rubuta “discuss about”, ku kwatanta da yadda kalmar “discuss” take fitowa a COCA.