Karo-karon intanet ba hanyar samun sauti mai araha ba ce ga irinmu

Jiya da daddare ƙanina ya turo min wani bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, dubi wannan sifikar, rabin kuɗi ce idan mutum ya biya yanzu." Na kalla har sau biyu. Sifika ce kyakkyawa, an ɗora ta a kan tebur na katako, hasken rana na shigowa ta taga, wani matashi na bayani cikin natsuwa. Sai can ƙasa da ƙananan haruffa aka rubuta cewa ba a fara ƙera ta ba tukuna, za a fara turawa bayan wata takwas. Ƙanin nawa wata huɗu ya yi yana tara kuɗin. Amsar da na ba shi ta yi tsawo, shi ya sa na ga gara in kawo ta nan, don na san ba shi kaɗai ne irin wannan talla ke ja ba.

Ni dai ba na cikin masu cewa neman sauti mai kyau almubazzaranci ne. Na taso a gidan da mahaifinmu ke da wata tsohuwar rediyo mai kaset, da sifiku biyu na katako da ake jingina su a bangon zaure. Idan aka sa kiɗan gargajiya, kana jin kalangu a gefe guda, kukuma a ɗaya gefen, muryar 'yan amshi kuma a bayansu kamar suna tsaye a tsakar gida. Idan karatun Alƙur'ani ne, har jan numfashin mai karatu kana ji. Wanda ya saba da wannan, ranar da ya ji sifikar roba mai amon gwangwani, sai ya ji kamar an rage masa wani abu. Don haka burin ƙanina na fahimce shi sarai. Hanyar ce ban yarda da ita ba.

Tsarin nan shi ne karo-karo. Mai fasaha ya fito da samfuri, ya ce ba ni da jarin buɗe masana'anta, ku haɗa min, in an gama ku ne farkon samu kuma a farashi mai sauƙi. Shafin Indiegogo ya fara a 2008, Kickstarter a 2009, dukansu a Amurka. A Kickstarter ƙa'idar ita ce idan ba a kai adadin da aka nema ba, ba a cire wa kowa ko sisi. Wannan yana da kyau. Amma da zarar an kai, kuɗi ya shiga hannun mai aikin, shafin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari nasa, sauran magana tsakaninka ne da mutumin da ba ka taɓa gani ba. Masu Kickstarter da kansu tun 2012 suka fito suka faɗa wa duniya cewa shafin nasu ba kanti ba ne. Mu a nan muna da sunan irin wannan ciniki tun kafin a san intanet: cinikin biri a sama.

Ku dubi abin da ya faru da Ossic. A 2016 wannan kamfani na Amurka ya tallata wani hedifon da ya ce zai sa ka ji sauti daga sama da ƙasa da baya kamar kana cikin wurin. A Kickstarter kaɗai ya tara dala miliyan 2.7. A watan Mayun 2018 ya rufe, ya ce kuɗi sun ƙare, alhali guda 250 kacal ya ƙera, dubban mutane na jira. Ba lallai ne a ce sun tashi da niyyar cuta ba, kuma wannan ne ma abin tsoron. Ƙera samfuri ɗaya a ɗakin gwaji abu ne daban, ƙera dubu goma masu sauti iri ɗaya wani abu ne. Akwai kuɗin yin mazubin roba, akwai kayan da masana'anta za ta kawo ba daidai ba a mayar, akwai manhaja, akwai takardun izini, akwai jigila. Kowane jinkiri albashi ne ake biya daga cikin kuɗin nan naka.

Har wanda ya cika alkawari ma, ba lallai ya kawo abin da kunne ke buƙata ba. A 2014 mawaƙi Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 don wata na'urar sauraro mai suna Pono, aka sa mata farashin dala 399. Hujjarsa ita ce fayilolin da muke ji an matse su, nasa kuwa suna ɗauke da bayanai ninkin-ba-ninkin na faifan CD. Na'urar ta fito, mutane sun karɓa. Amma faifan CD da ake rainawa yana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wanda ya isa ya riƙe duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, tunda iyakarmu wajen hz 20,000 ce, wato kaɗawar sauti sau 20,000 a daƙiƙa, kuma tana raguwa da shekaru. Wani ɗan jarida, David Pogue, ya gwada Pono da mutane ba tare da sun san wacce suke ji ba, akasarinsu ba su fifita ta a kan wayar iPhone ba. A 2016 kantin sayar da waƙoƙinta ya tsaya, a 2017 aka daina zancen.

Ban ce duka asara ba ce. Kamfanin Nura na Ostireliya ya tara dala miliyan 1.8 a 2016, ya kuma fitar da hedifon ɗin da ke auna yadda kunnen mutum ke ji ya daidaita masa sauti. Binciken da Ethan Mollick na jami'ar Pennsylvania ya yi a 2015 ma ya nuna kusan kashi 9 cikin ɗari ne na ayyukan Kickstarter ba sa kawo abin da suka yi alkawari. Mai hali zai iya cewa wannan kaɗan ne, ya zuba dala ɗari biyu don ya taimaki mai fasaha, in ta zo alhamdulillahi, in ba ta zo ba ya shafa wa ransa ruwa. To shi wannan kyauta ya yi, kuma ban ga laifinsa ba.

Amma ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da ya tara kuɗinsa da gumi, lissafinsa daban ne. Da dala zai biya. Mun ga yadda naira ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Kuɗin turowa sau da yawa sai daga baya ake faɗa, ga kwastan, ga kuma tambayar da ba a yi: idan ta lalace bayan wata uku, wa za ka kai wa? Mai gyaran rediyon unguwarku zai buɗe ta ya tarar komai an liƙe da gam, babu kayan canji a kasuwa. Ko a fikihu, cinikin salam da aka halatta a biya kafin a karɓi kaya, sharaɗinsa a san siffar kayan, a san adadi, a san ranar bayarwa. A nan kuwa siffa na iya canzawa, rana kuma hasashe ce.

Karo-karon da na yarda da shi wani iri ne. A 2016 wani shafi mai suna Massdrop ya tara masu saye da yawa, ya je wa kamfanin Sennheiser na Jamus da maganar hedifon ɗinsu HD 650, wanda ke kasuwa tun 2003 kuma aka daɗe ana yabonsa, ana sayar da shi wajen dala 500. Aka canza masa launi da kwali, aka kira shi HD 6XX, aka sayar dala 199. Babu wani sabon abin al'ajabi da aka ƙirƙira. Yawan masu saye ne ya karya farashi, a kan kayan da an riga an san ingancinsa. Wannan ai sari ne, kuma mu ne gwanayensa. Mutum biyar su yi adashi, mai kwasa ya sayi nasa, ko su haɗa kuɗi a sauko musu da kwali guda daga kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Gari a farashin 'yan kasuwa. Uwar adashi ka san gidanta.

Sannan a daina barin lambobin jikin kwali suna ruɗarmu. Za ka ga an rubuta wat 5000 PMPO a kan abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni tsayayye, ta talla ce. A nemi wadda aka rubuta RMS, ita ce ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai. A ɗakin zama na gidan haya, wat 20 zuwa 30 na gaskiya a kowace sifika ya isa har maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ke ɗakina yanzu sifiku biyu ne na gwanjo, na katako, da na saya bayan na zauna a shagon na sa karatun da na haddace muryarsa na saurara kusan rabin awa. Na danna takardar bakin kowace da yatsa a hankali don in ji ko tana gurzawa, na duba robar gefen ko ta tsage. Na haɗa su da ƙaramar amfilifaya irin ta ajin D, wadda ba ta fi tafin hannu ba, mai guntun TPA3116 na kamfanin Texas Instruments a ciki. Irin waɗannan ba sa ɓarnar wuta, ba sa zafi sosai, kuma suna tashi da bolt 12, don haka batirin sola na iya riƙe su idan an ɗauke wuta.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuma ko kwabo ban kashe masa ba. Da farko a kusurwa na cusa su a ƙasa, sauti ya riƙa gunji, kalmomi na cakuɗewa. Na jawo su daga bango kamar kamu biyu, na ɗora su daidai tsayin kunnena idan na zauna, na sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujerata. Na shimfiɗa darduma a kan tayil, na sauke labule mai kauri. Muryar ta dawo tsakiya cak, kamar mutumin na zaune gabana.

Na ce wa ƙanina ya riƙe kuɗinsa zuwa Asabar. Zai zo da waƙoƙi uku da ya fi sani a wayarsa, mu shiga kasuwa tare, kuma ba za mu biya ba sai mai shago ya jona mana mun ji da kunnenmu.