Aikin hutun bazara a Amurka da dogon hutunmu na gida: abin da littafin Sherlock Holmes ya nuna mini

A makarantun sakandare da yawa na Amurka ba a sallamar yara hutun bazara hannu rabbana. Kafin a rufe makaranta malamin adabi yakan ba su sunan littafi ɗaya ko biyu da za su karanta, tare da aikin rubutu da za su miƙa a makon farko na komawa, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. A makarantar da 'yata take, a garin da muke zaune, littafin da aka zaɓa shi ne The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle, kuma umarnin bai tsaya ga karatu ba, domin an nemi kowane ɗalibi ya kalli biyu daga cikin finafinan da aka yi a kan littafin, sannan ya rubuta abin da masu fim suka sauya da dalilin da yake ganin ya sa suka sauya shi. Ra'ayina shi ne wannan aiki ya fi abin da aka ba mu a dogon hutu lokacin da nake sakandare a gida amfani nesa ba kusa ba, kuma babu abin da ya hana malamanmu yin irinsa da littattafai da finafinanmu na Hausa.

Littafin ya fara fitowa ne kashi-kashi a mujallar The Strand ta Landan daga Agusta 1901 zuwa Afrilu 1902. Kafin nan, a 1893, marubucin ya riga ya kashe Sherlock Holmes, mai binciken laifukan da ke tauraro a labaransa, a wani labari, amma masu karatu ba su haƙura ba, saboda haka ya dawo da shi ta hanyar sanya wannan labari a lokacin da ya gabaci mutuwar tasa. Labarin wani gidan masu dukiya ne mai suna Baskerville a Dartmoor, yanki mai duwatsu da hazo da taɓo a kudu maso yammacin Ingila, inda aka gaji wani zance tun kaka da kakanni cewa akwai wani baƙin kare na shaiɗan da ke bin zuriyar gidan saboda zaluncin da kakansu Hugo ya yi. An tsinci gawar maigidan, Sir Charles, babu rauni a jikinsa, amma kusa da wurin akwai sawun ƙaton kare. Magajinsa, Sir Henry, ɗan ƙaninsa, ya taso daga Kanada domin ya karɓi gado, kuma aikin Holmes da abokinsa likita Watson shi ne su hana abin da ya sami kawun ya sami ɗan.

Abin da ya sa littafin ya dace da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar shi ne marubucin bai ɓoye wa mai karatu alamomin da Holmes ya yi aiki da su ba. A otal ɗin da Sir Henry ya sauka a Landan an sace masa warin takalmi sabo fil wanda bai taɓa sawa ba, daga baya aka sace warin wani tsohon takalmin, sabon kuma ya dawo. Ina zaune ina duba wasu takardu 'yata ta ɗago kai daga littafin ta ce, “Abba, me ɓarawo zai yi da warin takalmi, kuma me ya sa zai mayar da sabo ya ɗauki tsoho?” Na ce mata ta rubuta tambayar a gefen takarda ta ci gaba da karatu. Da ta kai wurin da wani fursuna da ya tsere daga kurkuku ya mutu sanye da tsofaffin kayan Sir Henry, sai ta koma baya ta buɗe babin otal ɗin, ta zo ta nuna mini, ta ce ashe warin jiki ake nema, domin sabon takalmi ba ya ɗauke da warin mai shi, kuma karen da ake shinshina wa takalmi kafin ya bi mutum kare ne mai jini da tsoka wanda wani ke ciyarwa. Ba ni na faɗa mata ba, ba kuma malami ba. Ta haɗa abu biyu da ke nesa da juna a cikin littafi ta fitar da hukunci, kuma wannan ita ce ƙwarewar da alƙali da likita da ɗan jarida da mai gyaran mota duk suke ci da ita.

Akwai wani abu a labarin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ke bayan kisan, Stapleton, maƙwabci ne mai fara'a da ke yawo da raga yana kama malam-buɗe-littafi, alhali shi ɗan gidan ne da ya ɓoye asalinsa, yana so ya kawar da waɗanda ke gabansa ya cinye gado. Ya sami tsohon zancen tsoro a bakin mutane, sai ya sayi ƙaton kare, ya shafa masa sinadarin da ke walƙiya a duhu, ya bar tsoron mutane ya ƙarasa masa aiki. Duk wanda ya taɓa ganin rikicin gado ya san yadda zancen jifa da asiri ke shigowa ya rufe tambayoyin da ya kamata a yi. Littafin bai nemi yaro ya ƙaryata gaibu ba, kuma ni ma ban nemi 'yata ta yi haka ba. Abin da ya nema shi ne a duba sawu da takalmi kafin a yanke hukunci, kuma wannan tarbiyya muna da ita tun a makarantar allo, domin a cikin suratu Yusuf mai shaida ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage matar ce mai gaskiya, in ta baya ta yage shi ne mai gaskiya.

Sashen finafinan shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin da farko mutum zai iya ɗauka sassauci ne aka yi wa yaran da ba sa son karatu. A aikace kallon ya ƙara wa aikin nauyi. Watson ne ke ba da labarin da bakinsa, wani wuri ta wasiƙu, wani wuri ta kundin da yake rubuta abin da ya gani kowace rana, kuma a tsakiyar littafin Holmes ya ɓace na tsawon babi-babi da dama, yana ɓoye a wata bukkar dutse a daji ba tare da Watson ya sani ba. Mai karatu yana cikin duhu tare da Watson, yana zargin baran gidan da matarsa, yana zargin mutumin da aka hango tsaye a kan dutse da dare. Mai fim kuwa ya biya babban jarumi kuɗi, kuma 'yan kallo shi suka zo gani, saboda haka kowane fim sai ya nemi dabarar da zai fita daga wannan matsala. A fim ɗin 1939, wanda Basil Rathbone ya fito a matsayin Holmes, an sa shi ya bayyana cikin shigar ɗan koli, an ƙara zaman kiran ruhin mamaci wanda babu shi a littafi, kuma matar Stapleton, wadda a littafi yake nunawa a matsayin ƙanwarsa domin ya yaudari Sir Henry, an mayar da ita 'yar'uwarsa ta gida ɗaya, domin soyayyarta da magajin ta ƙare lafiya. Fim ɗin 1959 na kamfanin Hammer, mai launi, wanda Peter Cushing da Christopher Lee suka fito a ciki, ya karkata ga ban tsoro, ya sauya matar da 'ya, ya kuma sa hannunta dumu-dumu cikin makircin. A shirin BBC na 2012 da Benedict Cumberbatch ya fito a matsayin Holmes, Baskerville ya tashi daga gidan gado ya koma sansanin binciken soja, kuma dodon da mutane ke gani wani sinadari ne a cikin hazo ke sa idonsu ya ƙirƙiro shi.

Yaron da aka ce ya bayyana dalilin waɗannan sauye-sauye dole ya fahimci aikin da kowane abu ke yi a littafin. Sai ya gane cewa da zarar an mayar da matar 'yar'uwa, an cire mata tsoron miji da azabar da take sha a hannunsa, wato an cire abin da ya sa take gargaɗin Sir Henry a ɓoye amma ta kasa fitowa fili. Sai ya gane cewa karen da ke firgita mutum a shafi, inda tunaninsa ne ke zana shi, yakan zama kare kawai idan kyamara ta haska shi, shi ya sa masu fim ke ɓoye shi a hazo har kusan ƙarshe. Kuma yaron da ya kalli fim kaɗai bai karanta littafi ba, rubutunsa zai tona shi tun a shafin farko, domin zai ambaci abin da Conan Doyle bai taɓa rubutawa ba.

Idan na tuna dogon hutunmu na gida, wanda ke faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ba na ganin ɓataccen lokaci ne, domin damina ce, yara da yawa suna gona, wasu suna shago ko wurin koyon sana'a, kuma Islamiyya ba ta tsayawa. Amma ta fuskar boko, abin da na sani shi ne lesin da bitar tambayoyin jarrabawar shekarun baya ta WAEC da NECO da JAMB. A darasin adabi, na Hausa ko na Turanci, tambayoyin da na saba da su su ne a kawo sunayen taurarin littafi, a faɗi jigo, a kawo darussa biyar da aka koya. Irin waɗannan tambayoyi ana iya amsa su da taƙaitaccen bayanin da malami ya rubuta a allo, kuma na san abokan karatuna da suka ci jarrabawa da kyau ba tare da sun kai ƙarshen littafin ba. Ban tuna an taɓa tambayarmu ta yaya muka san abin da muka faɗa, ko a wane shafi hujjarmu take ba. Ba na ɗora wa malaman laifi, domin mutum ɗaya a gaban aji mai cunkoso, ga littafi ɗaya a hannun yara da dama, abin da jarrabawa ke nema shi zai koyar.

Tsarin Amurka ma yana da ɓarakarsa. Yara da yawa suna barin aikin sai makon ƙarshe, su karanta taƙaitawa a intanet ko su sa manhaja ta rubuta musu, kuma yaron da iyayensa ke aiki dare da rana ba ya samun wanda zai zauna ya saurari tambayarsa. Abin da ke taimaka musu shi ne ɗakin karatu na gari, inda ake aron littafi da fim kyauta, kuma wannan shi ne babban bambancin da ke tsakaninmu da su, wanda ba a magance shi da fatar baki.

Duk da haka, kayan aikin muna da su. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934 tare da sauran littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da aka shirya a Zariya, daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim. Labari ɗaya ke nan a siga uku, kuma shi ma, kamar littafin Conan Doyle, mutum ɗaya ne ke ba da shi da bakinsa, wato Shaihun yana faɗa wa almajiransa yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetare hamada da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi bayansa tana nemansa. Ɗalibi zai iya tambayar abin da fim ya yi da wannan murya, da abin da ya nuna na bauta wanda littafi ya faɗa a taƙaice, da abin da ya tsallake. Haka nan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a littafi sannan ya zama fim tun farkon tasowar Kannywood. Yaranmu kuwa ba sa buƙatar a koya musu muhawara a kan fim, domin duk wanda ya zauna kusa da matasa bayan an saki sabon kashi na shiri mai dogon zango a YouTube ko Arewa24 ya ji yadda suke tsefe labari, suna cewa wannan bai yi ma'ana ba, wancan ya saɓa wa abin da aka nuna a baya. Wannan hazaƙa tana ƙarewa ne a majalisa da WhatsApp, saboda ba a taɓa neman su zauna su rubuta ta da hujja ba.

Abin da nake ba malaman adabi shawara shi ne su gwada da aji ɗaya, su zaɓi littafi ɗaya gajere wanda ke da fim, su ba da shi kafin dogon hutu tare da sharaɗin cewa karatu ne farko, kallo daga baya. Inda littafi ya yi ƙaranci yara biyar za su iya karɓa-karɓa da kwafi ɗaya, inda babu wuta kuma waya ɗaya ta isa rukuni guda, ko a haɗa kallon a makaranta a makon komawa. Rubutun kada ya wuce shafi biyu, kuma tambayar ta zama ɗaya, wato a kawo abu uku da fim ya sauya, a nuna inda suke a littafi, a faɗi abin da labarin ya samu ko ya rasa saboda sauyin. Fim ɗin Shaihu Umar an gyara shi an sabunta hotonsa, har an nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018, saboda haka ina kira ga Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos da ma'aikatun ilimi na jihohin Arewa su haɗa kai su samar wa makarantun sakandare kwafinsa, tare da izinin nuna shi a aji ba tare da biyan kuɗi ba.