Sauron Legas da na gida ba ɗaya ba ne, mu daina shan magani ba gwaji

A Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, da zarar mutum ya ce jikinsa ya yi zafi kansa na sara, kafin ya rufe baki an yanke masa hukunci, maleriya ce da taifot, sai a tura yaro kemis ya haɗo magani. Ba gwaji ba komai. Ni dai a ganina wannan ɗabi'ar tana cutar da mu, domin ƙwarin nan masu shan jini su bar wa mutum cuta kowanne da yankin da ya fi ƙarfi, kuma abin da muka taso muka sani a Arewa ba lallai shi ne a Legas ba.

A binciken lafiya na ƙasa na 2018 an gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5, a Kebbi aka samu kashi 52 cikin 100 ɗauke da ƙwayar maleriya, a Legas kashi 2 kacal. Ƙasa ɗaya fa. Na san wani zai ce haba, ai sauron Legas ya fi na ko'ina, kuma da gaskiyarsa, duk wanda ya taɓa kwana kusa da kwata a Ijora ko Alaba Rago ya san haka. Amma sauro suna suka tara. Wanda ke hayayyafa a baƙin ruwan kwata mai warin nan yawanci Culex ne, zai hana ka barci ya bar ka da susa amma ba shi ke kawo wa mutum maleriya ba. Mai kawo ta macen Anopheles ce, ita kuma ta fi son ruwan sama da ya kwanta a fili, kududdufi, fadama, gonar shinkafa, shi ya sa ƙauyen da ke bakin fadama ya fi tsakiyar birni shan wahala.

Ba cewa nake babu maleriya a Legas ba, akwai ta, musamman a gefen gari irin su Ikorodu da Epe da Badagry. Abin da nake cewa shi ne idan yaro ya yi zazzaɓi a nan, zai iya zama ciwon huhu ne ko sanyin mafitsara ko zazzaɓin dengue da wani irin sauro daban ke kawowa, kai kuma ka ɗura masa maganin maleriya kwana uku kana jiran sauƙi, ainihin ciwon na ci gaba da cinsa, ga asarar kuɗi a wannan tsadar. Gwajin nan na ɗigon jini a yatsa bai wuce minti 20 ba wallahi.

Inda ya kamata hankalinmu ya tashi shi ne tafiya gida. Yaran da muka haifa a nan jikinsu bai saba da cutar ba kamar na 'yan uwansu na ƙauye, sai hutun makaranta ya zo a Agusta, tsakiyar damina, a kwashe su a kai su Zuru ko Funtua ko Haɗeja ba gidan sauro, an tafi da tsarabar kowa amma an manta da wannan. A jihohin Arewa ana bi gida-gida ana ba ƙananan yara maganin kariya wata-wata a damina, an kuma fara allurar rigakafin maleriya a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, duk don an san inda cutar ta fi zafi. Yaron da ya dawo daga gida ya fara zazzaɓi cikin sati biyu, a kai shi asibiti a ranar, kuma a gaya wa likita daga inda ya dawo.

Fataken shanu na Oko-Oba sun fi kowa sanin wannan maganar ta yanki. Ƙudan tsando a Afirka kudu da Sahara kawai yake, yana son inuwar kurmi da bakin rafi, shi ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci. Saboda shi ne kiwon manyan shanu irin su bunaji ya daɗe a Arewa, kudu sai ƙananan muturu masu jure cutar, kuma saboda shi aka kafa cibiyar bincike a Kaduna tun zamanin Turawa. Baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi shi kuma sai inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu. An yi shekaru ana raba maganin cutar, Mectizan, kyauta, har Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tabbatar ta rabu da cutar a 2025.

Sai dai iyakokin nan suna motsi, kuma nan ne tsorona yake. Akwai wani sauro Anopheles stephensi, asalinsa yankin Indiya da ƙasashen Larabawa, an fara ganinsa a Jibuti a 2012 lokacin ƙasar na dab da gamawa da maleriya, shekarar mutum 27 kawai aka samu, zuwa 2020 sun haura 73,000. A 2020 ɗin aka gano shi a jihar Gombe. Shi wannan ɗan birni ne, ba ruwansa da fadama, tankin ruwa da duro da rijiyar siminti da tsohuwar taya sun ishe shi, kuma rani ba ya korarsa tunda ruwan ajiya ba ya ƙarewa.

To wa ya kai mu ajiye ruwa a Legas? Famfo ba ya zuwa yawancin unguwanninmu, kowane gida da tanki da duro, masallatai da randunan alwala, 'yan garuwa kuma yawanci 'yan uwanmu ne. Idan sauron nan ya biyo tirela ya sauka a Mile 12, ya samu gida a shirye. Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai su ɗauki maganar rufe tanki da duro da wanke su duk sati a matsayin aikinsu, su riƙa faɗa bayan sallar Juma'a, ma'aikatar lafiya ta jiha kuma ta shigo zangonni da kayan gwaji da bayani da Hausa, ta riƙa duba tankunan garejin manyan motocin da ke zuwa daga Arewa.