Ƙwayar Cutar da ke Zaune a Bakin Famfon Asibiti

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar wanda wuta ta ƙona, ko mai tsohon gyambo, ya san faɗuwar gaban da ake ji ranar da aka kwance bandeji aka tarar mugunya ta koma kore-kore, tana fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi da ba a mantawa. Gogaggun ma'aikatan jinya ba sa jiran sakamakon gwaji kafin su zargi ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas aeruginosa, domin launin nan nata ne, kuma tun a 1882 wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Carle Gessard, ya gano cewa ita ce ke rina bandejin masu rauni.

Gidanta na asali ƙasa ne da ruwa, ba jikin ɗan'adam ba, kuma mai ƙoshin lafiya kan yi hulɗa da ita bai ji komai ba. A asibiti ne take samun yadda take so: bakin famfo, magudanar wurin wanke hannu, bokitin goge ƙasa, robar fitsari da bututun na'urar taimaka wa numfashi. Tana manne wa waɗannan wurare ta lulluɓe kanta da wani yauƙi wanda magani ba ya ratsawa da sauƙi, sannan a jikinta akwai wasu ƙofofi da ke tofar da maganin da ya samu ya shiga. Saboda haka amfisilin da amoksisilin da Septrin, waɗanda mutanenmu ke saye a kemis ba tare da takardar likita ba, ba sa yi mata komai. Wanda ya fasa kafso ya barbaɗa garinsa a kan miki, kashe mata abokan hamayya kawai ya yi, ya bar mata fili.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'inta da ke bijire wa magungunan kabafenem, waɗanda likitoci ke ajiyewa sai tura ta kai bango, a sahun farko na ƙwayoyin da ke buƙatar sabon magani cikin gaggawa. A 2023 kuma an gano ta a wani maganin ɗigawa a ido da aka yi a Indiya aka sayar a Amurka, inda mutum 81 suka kamu a jihohi 18, huɗu suka mutu, 14 suka rasa gani, wasu huɗu kuma aka cire musu ido. A can ɗakunan gwaji ne suka bi sawu har suka kai ga kwalbar. A yawancin asibitocinmu, da an ce ciwon ido ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a rufe maganar.

Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da ke bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da adadin jama'a. Duk da haka, idan jami'ai suka tashi magana, sabbin magunguna da tarurruka suke ambata, alhali ni a ganina yaƙin da wannan ƙwaya yana hannun mai gyaran famfo da mai shara da goge-goge, waɗanda su ne ƙarshen samun albashi kuma ba a koya musu yadda ake auna sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Sashen masu ƙuna da ke ɗibar ruwa daga buɗaɗɗen duro, inda moɗa ɗaya ke zagaya gadaje goma, ba zai tsira da allura mai tsada ba. Gwamnatocin jihohi su ware kuɗin ruwan famfo da sabulu da safar hannu a kasafin kowane babban asibiti, su kuma tanadi ɗakin gwajin da zai ɗebi mugunyar miki ya faɗa wa likita, cikin kwana biyu zuwa uku, wane magani ne har yanzu yake ci.