Matasa, Wannan Yawon Sallar da Kuka Yi Bana Ya Ɓata Mini Rai

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Tun ranar Lahadin nan, 24 ga Mayun 2020, da aka sauko daga idi ana tsakiyar annobar korona nake danne wannan magana, amma zuciyata ta ƙi barina in yi shiru. Da ku nake, ƙannena da 'ya'yana na cikin garin Sakkwato, musamman ku da kuke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas kuka sulalo gida yin Sallah.

Akwai goggona, yayar mahaifinmu, a cikin gari can wajen Hubbare. Ta haura shekara tamanin, tana fama da ciwon suga da hawan jini, ƙafarta ma ba ta kai ta ƙofar gida sai an riƙe ta. Tun kafin azumi muka zauna mu manyan gidan muka ce saboda korona bana ba za a taru a ɗakinta ba. Aka ajiye buta da sabulu a zaure. Aka ce mai son gaishe ta ya tsaya daga bakin ƙofa, ko ya bugo waya a kara mata a kunne. Kowa ya ce ya ji.

Da la'asar ɗin ranar Sallah na je. Tun daga zaure na ga takalma sun cika ƙofar ɗaki har sun hau kan juna, butar nan kuwa tana nan cike da ruwanta yadda aka ajiye ta da safe, sabulun ko jiƙewa bai yi ba. Na ɗaga labule. Ɗakin da taga ɗaya gare shi, ga zafin Mayu, ga mutum fiye da ashirin a ciki. Wani ɗan ɗan'uwana da na san a Kano yake aiki yana zaune a bakin gadonta, ya rungumo kafaɗarta, ya manna kumatunsa da nata, ya ɗaga waya sama yana cewa kowa ya matso. Takunkuminsa yana rataye a haɓa kamar gemu. Kofi ɗaya na fura yana zagayawa, daga bakin wannan zuwa bakin wancan, har ya dawo hannun tsohuwa ta kurɓa.

Na jawo shi waje na ce, yaushe ka shigo gari? Ya ce daren jajibiri. Na ce ta ina, hanya a rufe? Sai ya yi dariya, ya ce, "Haba Baba, akwai hanyar da kuɗi ba su buɗewa?" Ya shiga ba ni labari yana jin daɗi, yadda suka sauka kafin shinge, suka hau kabu-kabu suka zagaye ta cikin gonaki, mota ta tsallake ta jira su a gaba. Wallahi yana faɗa kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima. Na ce to ka san daga garin da ka fito? Ya ce, "Ni lafiyata ƙalau, ko mura ba ni yi."

Wannan kalma ta "lafiyata ƙalau" ita ce ta fi ƙona mini rai, domin tun watan Maris ake ta bayani a rediyo da Hausa tsantsa cewa cutar nan tana iya kwanciya a jikin mutum har kwana 14 bai ji komai ba, wani ma har ya rabu da ita bai san ya yi ba, amma duk wanda ya zauna kusa da shi yana iya kwasa. Kai mai shekara 25 za ka yi atishawa biyu ka miƙe ka tafi kallon ƙwallo. Tsohuwa mai suga da hawan jini ita za ta kwana tana neman numfashi. Wa ka yi wa gwaninta ke nan? Ka tsallake shinge, ka tsallake jami'ai, ka tsallake butar zaure, ka zo ka sauke abin da ba ka san kana ɗauke da shi ba a kan gadon wadda ta goya ubanka.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba. Na bi ta Mabera, na bi ta Runjin Sambo, na biyo ta Gawon Nama, abin duk ɗaya ne. Keke Napep cike da 'yan mata da yara har wani a kan cinyar wani, daga gidan kaka zuwa gidan kawu zuwa gidan surukai, gida bakwai ko takwas a wuni ɗaya. Kowane gida a shiga ɗakin tsoho, a yi musabaha, a ci tuwon Sallah a kwano ɗaya, a ɗauki jariri a sumbata, a wuce gida na gaba. In cutar tana gida ɗaya da safe, kafin magariba ta gaishe da dangi kaf.

Na san amsoshinku, na haddace su. Wani ya ce korona ta manya ce, ta masu hawa jirgi, ai ga Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ita ta ɗauke shi ranar 17 ga Afrilu, talaka ina ruwansa. Wani ya ce ranar Sakkwato ta wuce digiri 40, babu ƙwayar cutar da za ta rayu. To Kano sanyi ake yi? Ba a kunnenmu aka yi ta sanar da rasuwar dattawa a Kano a watan Afrilu ba, malamai, 'yan boko, 'yan kasuwa, har masu haƙar kabari suka fito suna cewa aiki ya yi musu yawa? Makka da Madina ƙanƙara ke sauka a can da aka dakatar da Umara, muka ga filin ɗawafi fayau babu kowa a talabijin, aka yi tarawihin bana babu jama'a? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Mu kuwa gemun maƙwabci yana ci, muna tsaye muna gardamar ko wuta ce ko hayaƙi. A nan jiharmu ma tun cikin Afrilu Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da wanda ya fara kamuwa, aka shiga killace masu cutar a asibitin Amanawa, ba a wata duniya ba, nan kan hanyar fita gari.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai jawo addini ya rufe son zuciyarsa. Da ka yi magana sai ya ce, "Kai ba ka yarda da ƙaddara ba? Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Yaro, ka fi Sayyidina Umar yarda da ƙaddara? Ya kama hanyar Sham da sahabbai, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo ya faɗi abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Hadisin nan yana cikin Buhari da Muslim, yaran Islamiyya ma sun san shi. Dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi da gwamnati ta kafa, addininka ya riga ta da shekara fiye da 1400. Kai da ka fito daga garin da annoba take ka shigo wani, wace ƙaddara kake karantar da mu? Kuma sallar asuba nawa ka samu a jam'i cikin azumin nan da za ka zo kana yi wa mutane wa'azin tawakkali?

Sai kuma masu cewa zumunci. Wai zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne, a ƙafa yake, amma ina ƙafar take wata goma sha ɗaya? Tsohuwar nan maganinta ya sha ƙarewa, wa ya aiko da ko naira ɗari biyar? Rufin ɗakinta ya yi yoyo daminar bara, wa ya zo ya duba? Waya tana hannunku dare da rana, kuna ta hira da mutanen da ba ku taɓa gani ba, amma kiran minti biyu ku ce Goggo ina kwana ya gagara. Sai ranar Sallah, an ɗinka sabuwar shadda, an sha lalle, ana bukatar tsohuwa a tsakiyar hoto don a ɗora a Facebook da WhatsApp a rubuta Allah Ya bar mana kaka. Ina ganin hotunan. Wasunku ko minti goma ba su yi a ɗakin ba, da an ɗauka an karɓi goron Sallah sai waje. In kuna son Allah Ya bar muku ita, me ya hana ku taya da naku ƙoƙarin?

Ban ma so in shiga maganar 'yan babur ɗin nan da ke tseren ganganci a titi ranar Sallah ba, mutum uku a kan babur ɗaya, suna ɗaga ƙafar gaba, ido ja wur saboda abin da suka sha. An sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare, su a lokacin ne ma suke fitowa. Da kuma bashin anko da ake ci a shekarar da kasuwa ta tsaya, magidanta da yawa mudun gero ma da ƙyar. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ke sa ni baƙin ciki, mu da muka taso a garin nan ba sai an koya mana ba da tazara ba, a cikin tarbiyyarmu take. Yaro ba ya miƙa wa babba hannu. Tun daga nesa kake cire takalmi, ka durƙusa a bakin ƙofa, ka sunkuyar da kai ka yi gaisuwa, a sa maka albarka ka tashi. Wa ya isa ya hau gadon kakarsa ya zauna da girmansa, balle ya rungume ta? Kunya ma ba za ta bar ka ba. In ƙyanda ta shiga gida, uwa ba ta ɗaukar ɗanta ta kai shi gidan suna, maƙwabta ma sun san su tsare nasu 'ya'yan. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin agana, yadda ake ware mai ita a yi masa ɗaki daban, mutum ɗaya ke kai masa abinci. Ba su yi boko ba, ba su da rediyo a aljihu, amma sun san ciwo mai yaɗo. Sanƙarau na 2017 da ya ɗebi rayuka a Zamfara da nan Sakkwato ai ba a daɗe ba, kuna da wayonku, kun ji yadda aka yi ta gargaɗi a kan cunkoso a ɗaki marar iska. Yau kowa da digiri, kowa da waya mai intanet, amma hankalin da kakanninmu suka yi amfani da shi a bukka ya fi ƙarfinmu.

A da kuma in manyan gida suka yanke magana ta yanku. Yanzu kawu zai ce kada a shiga ɗaki, yaro ya kalle shi ya ce tsoro ne ya kama tsoho. Wani ƙanena da ya ƙi ba da hannu ranar nan, ya dafa ƙirji daga nesa, har suna suka sa masa, suna ta yi masa dariya wai Bature. Mutum yana kiyaye ku kuna mai da shi abin tsokana. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da kansa ya sha kira a bi shawarar likitoci, tafsirin bana da yawanmu ta rediyo muka saurara, an rufe makarantu tun Maris, Kano ta haƙura da hawan Sallah. Duk waɗannan sun iya haƙuri, kai ne ba za ka iya haƙura da yawon wuni ɗaya ba? Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho, sai dai abin takaicin a nan, hohon ba a kanka zai fara sauka ba.

Ba na cewa laifin naku ne ku kaɗai. Tsofaffin ma suna da rauni a nan. Da na shiga ina faɗa, Goggo ta ɗaga hannu ta ce, "Bar min ɗiyana, wa ya san ko ina ganin wata Salla?" Jikina ya yi sanyi, na rasa abin cewa. Tsoho ba zai kori jikansa ba, ko da wuta ya shigo. Shi ya sa nauyin yake kanku, ku da kuka san abin da ita ba ta sani ba. Tausayinta shi ne ka tsaya a bakin ƙofa ka durƙusa kamar yadda ubanka ya yi, ta gan ka, ta ji muryarka, ta sa maka albarka. Albarka ba ta bukatar sai an haɗa kumatu.

Babbar Sallah tana tafe nan da wata biyu da 'yan kwanaki, ba mu san yadda hali zai kasance ba. Ku ji tsoron Allah ku yi wa kanku faɗa. Ku nemi hanyar da za ku sada zumunci ba tare da kun cutar da kowa ba, hanyoyin suna da yawa, kun ma fi ni saninsu.

Yaron nan ya koma Kano jiya ta hanyar da ya zo, ko sallama bai yi mini ba, wai na ci masa fuska a gaban ƙannensa. Ni kuwa tun ranar Lahadi nake ƙirga kwanaki. Kullum bayan sallar asuba sai na bugo wa yarinyar da ke kwana da Goggo, in ce ta kara mata wayar, in tsaya ina sauraron numfashinta kafin ta amsa gaisuwa. Yau kwana huɗu. Saura goma.