786 ba Bismillah ba ce, ku bar mu mu huta

Wai har yau ba a gama maganar layin wayar nan ba? Mutum ya ƙara kuɗi ya sayi lamba don kawai ta ƙare da 786, ya dawo yana mana wa'azi wai duk kiran da ya ɗaga da sunan Allah ya fara. To madalla, malam mai albarka. Sai a buga maka ita a lambar mota ma, ka ga ko birki ba ka buƙata.

Jama'a, 786 lissafi ne. A tsarin abjad kowane harafin Larabci yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, a haka har a kai dubu. Aka tara haruffa 19 na Bismillahir Rahmanir Rahim aka samu 786. Shi ke nan sirrin. Duk wata jimla da haruffanta suka taru a 786, ko ta zagi ce, lambar ɗaya ce.

Abin da ya fi ba ni dariya, wannan lissafin na mutanen gabas ne. A hisabin Magrib (ƙasashen Larabawa na yamma, irin su Maroko), wanda malamanmu na zaure suka gada, wanda da shi ake ramzi, wato rubuta shekara da haruffa, a ƙarshen tsofaffin waƙoƙin ajami, harafin sin 300 ne, ba 60 ba. Sake tarawa da kanka, 1026 za ka samu. To wacce ce mai albarkar? Ko za a sake sayen wani layin?

Na san za a ce ai don kada takarda mai sunan Allah ta faɗa bola ake rubuta ta. Na ji. A Indiya da Pakistan abin ya fi yawa, kuma niyyarsu kyakkyawa ce. Amma wannan hujjar kanta ta nuna lambar ba Bismillah ba ce, tunda ita ake yarda a yar.

Tsakani da Allah, lambobi suna da ma'ana a harshen Larabawa, ba na musu. Balarabe kan ce bakwai ko saba'in yana nufin yawa. Ka duba aya ta 80 a Suratut Tauba, inda aka ce ko sau saba'in aka nema wa munafukai gafara ba za a yafe musu ba. Ba cewa aka yi na 71 zai wuce ba. Ɗawafi bakwai, safa da marwa bakwai, wutiri mara. Waɗannan nassi ne ya kawo su, ba wanda ya zauna da alƙalami ya tara.

Af, na tuna. A Maroko da Tunisiya suna rataye hannu mai yatsu biyar, khamsa, wai maganin kambun baka da mugun ido. Mu nan ka buɗe wa mutum yatsu biyar a Kantin Kwari, sai an raba ku.