Mai kallo bai je lokeshin ba

Makon jiya muka rufe editin wani gajeren fim na wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, kuma tun daga ranar wata magana take ci mini rai. Gara in fito da ita, ko za ta kai ga ɗalibin fim ɗin da ke zaune yanzu gaban kwamfuta, ido ya yi ja, ranar miƙa aiki ta ƙarato, fim kuma ya ƙi tafiya.

Fim ɗin ya zo hannuna yana da minti 23. Labarin ba shi da yawa: budurwa ce ta dawo gida bayan rasuwar mahaifinta, tana kwashe kayan ɗakinsa, sai ta ci karo da wasiƙar da ya rubuta mata bai aika ba. Iyakarsa ke nan, kuma ya isa. Irin labarin da zai danne wa mutum ƙirji cikin minti goma ne. To amma sai da aka cinye minti biyar cur kafin yarinyar ta taɓa ƙofar ɗakin. An ga titi, an ga mota, an ga ta sauko, an ga ta ɗauki jaka, an ga ta hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Kafin duk wannan kuma akwai fitowar rana, daƙiƙa 52, kyamara a kafe, ba kowa a ciki.

Hoton yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Da na sa hannu zan cire shi, sai ɗalibar ta dafe teburin ta ce, "Malam, kwana uku muna tashi da duhun asuba saboda wannan hoton. Rana ta farko gajimare ya rufe, ta biyu batir ya mutu. Kyamarar ma aro ce." Muryarta har rawa take yi. Na ce mata, "Ƙanwata, na yarda da duk abin da kika faɗa. Amma wanda zai zauna ya kalli fim ɗin nan bai tashi tare da ku ba."

Nan ne ciwon yake, kuma kusan duk fim ɗin ɗalibi da ya ratsa hannuna da shi yake zuwa. Darakta idan ya kalli abin da ya ɗauko, wahalar da ya sha yake gani. Yana tuna wanda ya yi fushi a ranar, da kuɗin motar da ya ƙare, da yadda aka roƙi mai gida ya ƙara musu awa ɗaya. Kowane hoto yana da farashi a zuciyarsa, sai ya riƙa auna tsawonsa da gumin da aka zubar. Shi kuwa mai kallo abin da ke kan allo kaɗai ya sani. In hoton bai tura labari gaba ba, bai kuma ƙara masa wani ji a zuciya ba, hankalinsa ya tafi, kuma dawo da shi aiki ne ja.

Shi ya sa nake da ra'ayin cewa bai kamata ɗalibi ya yi editin fim ɗinsa shi kaɗai ba. Na san abin da za a ce: makarantu da yawa suna so ɗalibi ya taɓa kowane sashe da hannunsa, kuma ba kowa ke da edita a kusa ba. Gaskiya ne, ni ma ina son darakta ya san yadda ake yanka, don wanda ya taɓa zama yana neman hoton da zai cike gurbi bai samu ba, ba zai sake barin lokeshin ba tare da ya ɗauko shi ba. In dole kai za ka yi, to ka ba wa kanka tazara. Ka haɗa yankan farko, ka rufe shi mako guda ko biyu, kada ka leƙa. Sannan ka nemo mutumin da bai karanta labarin ba, bai san 'yan wasan ba, ka zaunar da shi. Kada ka tambaye shi ko fim ya yi kyau, kunya za ta sa ya ce ya yi. Ce masa ya ba ka labarin abin da ya gani. Inda ya ɓata hanya, nan aikinka yake. Kuma yayin da yake kallo ka zauna a gefe kana lura da shi: lokacin da ya gyara zama, lokacin da hannunsa ya nufi wayarsa, rubuta mintin.

Abin da ya ceci fim ɗin nan kuwa, daga cikin abin da ɗalibar ta yar muka tsinto shi. Ina da ɗabi'ar kallon duk abin da aka ɗauko kafin in yanka ko da firem ɗaya, wato ɗaya daga cikin tsayayyun hotunan da ke jeruwa su zama fim, har da waɗanda aka rubuta wa "bai yi ba". Ɗauka ta bakwai ta wurin karanta wasiƙa an soke ta, don jarumar ta yi tuntuɓe a magana. Amma bayan darakta ta ce a tsaya, mai kyamara bai kashe nan take ba, ya bar ta tana tafiya kusan daƙiƙa huɗu. A cikin wannan ɗan tsakanin jarumar ta saki kafaɗunta, ta ja numfashi ta baki, idonta ya sauka kan takardar da ke hannunta, babban yatsanta yana shafa gefen da ya lanƙwashe. Ba wasa take yi ba a lokacin, gajiya ce kawai da jin haushin kanta. Muka ɗauki wannan fuskar muka ajiye ta bayan hoton tabaran mahaifin a kan tebur. Daraktar da kanta, wadda ta san ainihin abin da ya faru a wurin, sai da ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in sake kunna mata.

Wannan ba sabon sirri ba ne. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani mai shirya fim, Lev Kuleshov, a Rasha ya jera fuskar ɗan wasa guda, wadda ba ta nuna komai, da hotuna daban-daban: kwanon miya, yarinya a cikin akwatin gawa, mace a kishingiɗe. Masu kallo suka riƙa karanta yunwa, baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta sauya ba. Duk ɗalibin fim ya ji wannan a aji. Abin da ke ba ni takaici shi ne kaɗan ne ke yarda da shi idan suka zauna kan nasu aikin. Sai su ji tsoro kada mai kallo ya kasa ganewa, su ɗora muryar bayani, su ɗora kiɗa mai sa kuka, su sa jaruma ta faɗi da baki abin da idonta ya riga ya faɗa. A yankan ɗalibar na farko an karanta wasiƙar gaba ɗaya da muryar uban, minti biyu, piyano na bi a ƙasa. Mun yi kwana biyu muna ja-in-ja a kan wannan. A ƙarshe layi ɗaya tal muka bari, shi ma a rubuce a jikin takarda, mai kallo ya karanta da idonsa. Sauran ya cike da abin da ke zuciyarsa game da nasa mahaifin, kuma babu marubucin da zai rubuta masa wanda ya fi wannan.

Mutane suna ɗauka editin cire manyan sassa ne. Rabinsa a ƙananan abubuwa yake. Fim yana tafiya da firem 24 a daƙiƙa ɗaya, wato firem shida rubu'in daƙiƙa ne. A wurin fuskar nan mun gwada yankewa kafin ta ƙifta ido, mun gwada bayan ta ƙifta. Bambancin bai kai rabin daƙiƙa ba, amma na farko kamar an katse mata tunani ne, na biyu kuwa kamar ta kai ƙarshensa ta haɗiye. Babu manhajar da za ta gaya maka wanne ne daidai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in dai an ba shi lokaci ya kalla sau ashirin.

Sai sauti, wanda a nan ne nake so in ɗaga murya. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, yana yafe kyamara mai ɗan girgiza, amma ba ya yafe maganar da ba ya ji. Duk da haka sauti ne abin da ɗalibai ke barin wa daren ƙarshe. A wannan fim ɗin akwai firji a ɗakin da ke kusa, yana kunna kansa yana kashewa. Ɗaukar fuskar jarumar an yi ta firji na ruri, ɗaukar ƙanenta an yi ta ya yi shiru. Da aka haɗa su, duk inda aka yanka sai ka ji ƙarar ta shigo ta fita, kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa a kunnenka. Maganinsa tun a lokeshin yake: a kashe firjin, sannan kafin a tashi kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 ko minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, domin kowane ɗaki yana da irin nasa shirun. Ba su naɗa ba. Na kwashe yini guda ina tsintar 'yan gutsattsarin shiru daga tsakanin kalmomi ina ɗinke su, don in samu abin shimfiɗawa a ƙarƙashin maganar. Aikin minti ɗaya ya zama na yini.

Kuma kada ku riƙa yanka murya da hoto a wuri ɗaya kullum. Bari muryar mai magana ta riga fuskarsa shigowa, ko ta ci gaba alhali muna kallon mai saurare. Haka muke yi a zahiri, sai mun ji magana muke juyawa. Da wannan kaɗai hirar da ke tafiya kamar wasan ƙwallon tebur za ta koma hirar mutane. In kun gama, ku saurara da abin kunne, ku saurara da lasifikar waya, don ba ku san inda za a kalle shi ba. Waƙar wani kuma da ba ku da izininta, ku cire ta tun yanzu kafin ku saba da ita. Bukukuwan fina-finai suna tambayar haƙƙin kiɗa, YouTube ma yana gano ta da kansa, kuma babu abin da ya kai zafin sake yanka wurin da aka gina a kan bugun waƙar da dole a cire.

Gyaran launi ya jira. Na san daɗinsa, da ka taɓa sai hoto ya yi kamar na silima, shi ya sa ake fara shi tun ranar farko. Amma ɓata lokaci ne ka ƙawata hoton da gobe za ka jefar. A kulle hoto tukuna, a yarda ba za a ƙara ko rage firem ba, sannan sauti da launi su hau kai. Batun kayan aiki kuma ya daina zama uzuri: manhajar DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da sigar kyauta mai ɗauke da yanka da launi da sauti duka, in kwamfutarka ba ta da ƙarfi ka yi aiki da kwafi marar nauyi, sai wajen fitarwa ka koma kan na asali. Ajiya kuwa, kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban da inda kake aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga ɗalibi ya zauna a ƙasa yana kuka da faifan ajiya a hannu, aikin wata huɗu a ciki, ba na fatan in sake gani.

Wani zai ce ai dokar Oscar ta yarda gajeren fim ya kai minti 40 har da sunayen ƙarshe. Haka ne. Amma gasar gajerun fina-finai ta Cannes a Faransa minti 15 ce iyakarta, kuma masu shirya bukukuwa jera fina-finai da yawa suke yi a zama ɗaya. Fim mai minti 23 sai ya ture biyu kafin ya samu wuri, don haka sai ya fi su biyun a haɗe. Ba ina cewa kowane fim a guntule shi ba ne. Akwai fim ɗin da jinkirinsa shi ne ransa, kuma a wannan ɗin ma akwai wurin da na ƙara tsawo, inda take ninke rigar uban, don hannunta yana faɗin wani abu a wurin. Tambayar da nake yi wa kowane hoto ɗaya ce: don mai kallo kake nan, ko don wanda ya ɗauke ka?

Mun tsaya a minti 11 da daƙiƙa 40. Fim yanzu yana buɗewa da hannunta a kan mariƙin ƙofa. Fitowar ranar nan na rage ta zuwa daƙiƙa biyar na kai ta ƙarshe, don in raba gardama. Daren da za mu kulle hoto sai ga kiran ɗalibar. Ta ce, "Malam, na kalle shi sau uku ni kaɗai. Ka cire ranar nan gaba ɗaya, a fuskarta ya kamata ya ƙare." Na tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata, amma in ajiye mata hoton a wani wuri daban kada ya ɓata. Na ajiye mata. Ranar Alhamis za mu zauna kan sauti, kuma har yanzu da sauran ƙarar ƙofar ɗakin da za mu sake naɗa, don wadda aka ɗauko a lokeshin ana jin wani yana tari a bayanta.